Hano, da Likitan da Ya Tsaya Ya Tambaya

A bayan ƙauyenmu akwai wani dutse da hano ya yi wa rawani. Da rani, idan ganye ya kaɗe, sai ka hango itatuwan tsaye fari-fari, ɓawonsu yana saɓulewa siriri kamar takardar da ta sha rana. Muna yara mukan ɓare shi mu yi ta hura wa iska. Kakata kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba wasa ke kai ta wurin ba. Takan zo da 'yar wuƙarta ta sassaƙi gefe ɗaya kawai, ba ta taɓa zagaye itace da sara, don ta ce wanda ya yi wa itace zobe ya yanka shi ke nan. In ta tarar da ƙaro ya daskare a jiki sai ta ɓanɓaro, da magariba ta jefa a kaskon garwashi, ɗaki ya gauraye da ƙamshi. Wasu ararrabi suke ce masa. Ita dai hano ta sani.

Sai da na girma, ina neman wani abu daban a ɗakin karatu, na ci karo da sunan da masana tsirrai na duniya suke kiran wannan itace da shi: Boswellia dalzielii. Tun 1753, lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita tsarin, kowane tsiro yana da suna biyu na Latin, na dangi da na kansa. Na biyun a nan ma'anarsa "na Dalziel". Raina ya ɗan sosu. Wane ne kuma Dalziel, da zai zo ya mallaki hanon kakata?

Da na bi sawu sai na ga ba hano kaɗai ba ne. Kuka, wadda ba a raba Bahaushe da miyarta, Adansonia ce, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 yana saurayi, ya yi shekaru yana tara tsirrai, har ya koyi yaren Wolof. Ɗorawa kuwa Parkia ce. Wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya raɗa mata wannan suna a 1826 don Mungo Park, wanda ya rasa ransa a Kwara wajen Busa. Kaɗanya ma ta daɗe tana ɗauke da sunan Park ɗin, domin shi ya ba mutanen Turai labarinta a littafinsa na 1799, inda ya fifita man kaɗe a kan man shanu, ya kuma lura yana shekara bai lalace ba ko da ba gishiri. Brown ɗin nan yana aiki ne a kan tsirran da ayarin wani matafiyi Bature mai suna Clapperton ya tattaro, kuma mai tara yawancinsu, likita Walter Oudney, bai koma gida ba: ya rasu a farkon 1824 kusa da Katagum, Clapperton ya binne shi ya wuce Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Park da ayarin Clapperton matafiya ne, sun wuce da sauri, sun tsinki abin da hannu ya kai. John McEwen Dalziel ya bambanta da su, kuma saboda bambancin nan ne na ɗauki alƙalami yau.

An haife shi a 1872, ɗan asalin Skotland ne, ya yi karatun likita a Edinbara. Ya fara aiki a ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, sannan a 1905 ya shiga aikin likitan gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: ma'aikacin 'yan mulkin mallaka ne, kuma gwamnatin da ya yi wa aiki tana son sanin arzikin dajinmu ne don amfanin kanta. Amma ba a ɗauke shi don itatuwa ba. Albashinsa na duba marasa lafiya ne. Tsirran, shi ya ɗora wa kansa. Duk inda aka tura shi, Katagum, Sakkwato, Kwantagora, Yola, Lakwaja, yakan fita daji ya tsinko.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Za ka sami reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, wanda ke nufin wani itacen sai ka dawo masa sau biyu ko uku a shekara. Ka shimfiɗa shi tsakanin takardu masu shan ruwa, ka danne da katako ka ɗaure tamau. Kullum sai ka sauya takardun, in ba haka ba laima ta sa ya yi fumfuna, musamman da damina, lokacin da kuma yawancin ciyayi suke fure. Ga gara tana jira. In ya bushe sai ka ba shi lamba, ka rubuta inda ka samo shi, da ranar, da launin furen tun bai dushe ba. Daga nan a yi ƙunshi, a bi da shi ta jirgin ruwa zuwa lambun Kew da ke Landan, inda masana za su gwada shi da dubban irinsa. A can ne John Hutchinson ya duba hanon da aka aiko, ya ga ba a taɓa bayyana shi a littattafansu ba, ya sa masa sunan wanda ya aiko.

Abin da ya fi burge ni shi ne Dalziel bai tsaya ga reshe ba, ya nemi suna. Ya riƙa tambaya: me kuke ce wa wannan? Me ake yi da shi? Wanda ya taɓa gwada haka ya san wahalarsa. Itace ɗaya yana da suna a Kano, wani a Sakkwato, wani a Katsina. Suna ɗaya kuma yana iya hawa kan tsirrai uku da ba su haɗa dangi ba. Wani zai faɗa maka abin da ya ga kana son ji don ka ƙyale shi, mai magani kuma ba ya buɗe wa baƙo jakarsa ran farko. Sai ka tambayi mutum biyar, ka jira maganarsu ta haɗu. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, ɗan ƙaramin littafi da ya jera sunayen tsirrai na Hausa, kowane da takwaransa na Latin, da ɗan bayanin amfaninsa. Daga baya ya zauna a Kew, shi da Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, a 1937 kuma ya kammala The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya tattara abin da mutanen yankin suke ci, suke sha, suke rini da jima da gini da shi. Littafin ya yi nauyin da H. M. Burkill ya sake faɗaɗa shi zuwa mujalladai da dama tun daga 1985. Dalziel ya rasu a 1948.

Akwai wuraren da sunanmu ya tsallaka ya shiga Latin ɗin ma. Itacen doka, wanda ya cika dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa, Isoberlinia doka ne a duk duniya. Iburu, ɗan'uwan acca, Digitaria iburua ne. Nakan ji daɗi in na ga waɗannan, kamar na haɗu da ɗan garinmu a tashar baƙuwar ƙasa.

To amma daga ina ilimin da ke cikin littattafan nan ya fito? Ba daga Edinbara ba. Majemi ne ya san bagaruwa ke jeme fata. Maƙeri ne ya san gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta. Manomi ne ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona, gero ya yi kyau a gindinsa, awaki su ci 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ungozoma ce ta san sabara ga mai jego. Sunayen kansu ma karatu ne: nonon kurciya saboda farin ruwan da ke fita in ka karya ta, uwar magunguna ga sanya, gwandar daji, rai ɗore, har da wata 'yar ciyawa mai gashi da ake kira ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Mutanen da suka raɗa waɗannan masana ne na gaske, sun yi ɗaruruwan shekaru suna lura, suna gwadawa, wani lokaci da rayukansu. Duniyar ilimi ta riƙe sunan mai rubutu, ta saki nasu. Wannan rashin adalci ne, kuma har yanzu yana ci mini rai.

Sai dai da na zauna da haushin, sai ya juyo kaina. Na yi shekara goma sha tara tare da kakata. Na iya rubutu tun ina ɗan shekara bakwai, da boko da ajami. Ban taɓa ɗaukar takarda na bi ta daji ba. A lokacin gani nake abin tsofaffi ne, ni kuma ɗan makaranta ne mai haddace sassan fure da Turanci don cin jarrabawa, alhali ban iya bambanta taura da kanya in ba da 'ya'ya a kai ba. Baƙo ya taso daga wata uwa duniya, harshen ba nasa ba, ya durƙusa ya tambaya. Ni da nake cin tuwo a kwano ɗaya da mai amsar, ban tambaya ba. Ranar da aka kai ta makwancinta, an tafi da sunaye da yawa waɗanda ba su cikin littafin Dalziel, domin shi ma iyakar inda ƙafarsa ta kai ya rubuta.

Yanzu kuma abin ya zo da ƙarin gaggawa, don ba masu sanin kaɗai ke tafiya ba, har itatuwan. Masu gawayi sun ci marke da ƙirya a wurare da yawa. Masu sassaƙe na kasuwa suna yi wa hano da maɗaci zoben nan da kakata ta hana, su bar su tsaye a bushe. Yaron da bai taɓa ganin itace ba, me zai yi da sunansa?

Bara da kaka na sayi littafin rubutu mai kauri na koma gida. Akwai wani tsohon maharbi a unguwarmu, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba. Na ce, "Baba, so nake ka koya mini daji." Ya yi shiru, sannan ya ce in zo bayan asuba. Nakan tsinko ganye in miƙa masa, ya murza, ya sansana, wani ya taɓa da harshe, ya faɗi suna, ni kuma in rubuta, in ɗauki hoto da waya, in danne reshen a tsohuwar jarida. A saman kowane shafi, kafin sunan tsiron, sunansa nake fara sawa, da na mahaifinsa wanda ya koya masa. Mun kai tsirrai tamanin da 'yan kai. Ya ce in dawo in ruwa ya sauka, akwai na fadama da ba sa fitowa sai ƙasa ta jiƙa.