Wari Shela Ce, Ba Shi Ne Dafin Ba

A makon nan za mu duba wani al'amari na halittun daji, wato yadda abu mai guba yake sanar da maƙiyinsa ta hanyar wari tun kafin a kai masa baki.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san bodari. Da dare yake yawo, jikinsa da ratsin fari da baƙi, kuma in an matsa masa sai ya fesa ruwa mai ɗoyi daga ƙarƙashin wutsiyarsa. Karen da ya taɓa gamuwa da shi ba ya bukatar a sake faɗa masa. Launi yana amfani ne inda akwai haske, amma wari yana isa ko cikin duhu, ko ta bayan ciyawa.

To, sai dai a wajen ƙwari da yawa warin dabam, gubar dabam. A shekarar 1984 wata masaniya 'yar Ingila, Miriam Rothschild, da abokan aikinta suka bayyana cewa wani malam-buɗe-littafi na Amurka yana fitar da sinadari mai wari da ake kira firazin. Tsutsarsa tana cin ganyen wani ɗan'uwan tumfafiya, ta tara gubar da ke taɓa zuciya a jikinta. Shi firazin ba ya kisa. Aikinsa kawai tsuntsun da ya taɓa ci ya yi amai ya tuna. A nan ƙasarmu ma akwai danginsa mai ruwan goro wanda tsutsarsa ke kiwo a kan tumfafiya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne gwajin da Candy Rowe da Tim Guilford suka yi a Jami'ar Okasfod a 1996. Sun ba 'yan tsaki tsaba mai launi iri-iri, suka ci ba su zaɓa ba. Da aka saki warin firazin, sai suka riƙa ƙyamar ja da rawaya, alhali ba su taɓa cin ƙwaro mai guba ba. Ashe tsoron yana kwance a cikinsu, warin ne ya tashe shi.

Haka tsirrai suke. Ku murza ganyen zaƙami ku sansana. Galibi awaki da shanu suna ratse shi su wuce, kuma lalle yana ɗauke da atirofin, mai gusar da hankali, wani lokaci har ya kashe.

Amma kada makiyaya su sakankance. Dabbar da yunwa ta ci ƙarfinta a ƙarshen rani takan ci abin da ta ƙi da damina, kuma zaƙamin da aka yanka ya bushe cikin harawa warinsa ya ragu, gubarsa kuwa tana nan. Saboda haka a tsince shi tun a gona kafin a ɗaure dami, a kuma cire wanda ya tsiro a bayan gida inda yara ke wasa da 'ya'yansa.