Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, talakawa sun yi murna 'ya'yansu za su yi ilmi mai zurfi a ƙofar gida. Amma akwai maganar da ta wajaba mu gaya wa 'yan'uwanmu 'yan kasuwa.

Ɗan mai hali yana da kwamfutarsa a jaka. Ɗan talaka kuwa sai ta makaranta ko ta haya a shago, wadda kowa ke taɓawa. Wannan ya sauko da fim na banza, wancan ya sauko da manhajar sata don ta gaske ta fi ƙarfin aljihunsa, wani ya soka filashin da ta gama zaga gari. To, cikin irin wannan kaya ne ake ɓoye manhajar leƙen asiri. Ba ta kashe na'ura, ba ta motsi. Laɓewa take yi tana rubuce duk harafin da aka danna, ta aika wa ubangidanta ko da yana bayan teku.

Yanzu a duba. Mutum ya sayar da sansa a Kara ran Juma'a, ya ba yaro katin banki ya biya kuɗin makaranta. Yaro ya buga lambobin katin a kan wannan na'ura. Bayan kwana biyu sai a bugo waya, wai ma'aikacin banki ne, ga lambar katinka daidai a bakinsa, saura ka karanto masa wadda aka aiko maka. Wa zai yi shakka? Sa ya tafi, kuɗi sun bi shi.

Mahukunta su ne suka kora talaka cikin wannan rami da ƙarancin takardun kuɗi na 2023. An yi dokar laifuffukan intanet a 2015, an yi ta kare bayanan mutane a 2023, duka da Turanci. Wa ya sauko Kara ya fassara wa dillali?

Mu dai muna neman kowace makaranta ta Gwamnati ta sa manhaja ta halal a na'urorinta, ta hana kowa ɗora abin da ya ga dama, a kuma share su bayan kowane mai aiki. Kafin nan, Alhaji, riƙe katinka. Yaro ya fitar da lambar Remita, ku je banki ku biya, ku karɓi rasit.