Bene ɗaya, masu shi da yawa: ina iyakar kowa?



Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan fili ne ake gardama a kansa, sai a auna a kafa turaku, magana ta ƙare. Amma idan bene ne, wani na zaune a ƙasa wani a sama, ina za a kafa turke? Daɓen na sama shi ne rufin na ƙasa. In ya tsage, wa zai gyara? In bututun ruwan da ke cikin bango ya fashe, na wane ne?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya halatta sayar da sararin da ke bisa gini, da sharaɗin a siffanta ginin da za a ɗora. Faransa kuma, da dokar 10 ga Yuli 1965, ta raba irin wannan gida biyu: sashen da mutum ya mallaka shi kaɗai, da sashen tarayya kamar ƙasa da ginshiƙai da manyan bututu, kowa da kasonsa a rubuce. Sai dai rubutu da zanen takarda shimfiɗe suke, alhali gini yana da tsawo da faɗi da tsayi. Daga nan saɓanin fahimta yake tasowa.

Shi ya sa masana suka koma ga siffar gini ta kwamfuta, wadda magina ke kira BIM. Ana tsara gidan dukansa cikin na'ura, kowane bango da matakala da bututu da ma'auninsa. Sannan a shata mallakar kowa tamkar akwati, a bayyana ko iyakar tana fuskar bango ne ko tsakiyarsa. Mai saye zai juya hoton, ya ga nasa, ya ga na tarayya, tun bai biya ba. Gani ya kori ji.

A 2016 ƙasar Holan ta yi rajistar mallaka ta farko da irin wannan siffa, a tashar jirgin ƙasa ta Delft. Can layin dogo yana ƙarƙashin ƙasa, tasha na bisansa, ofisoshin hukumar gari na bisa tashar, kuma masu haƙƙin daban-daban ne.

To amma na'ura ba alƙali ba ce. Abin da aka ba ta shi take nunawa. In magini ya kauce wa zane, ko wani ya ƙara ɗaki ba a sabunta siffar ba, za ta nuna gidan da babu shi. Kuma ba ta zama hujja sai an haɗa ta da takardar mallaka a gaban hukuma.

Darasin ya shafe mu, musamman magadan da suka gaji bene guda, ko ƴan'uwan da suka haɗa kuɗi suka gina. Ko babu kwamfuta, a kira mai awo ya zana kowane hawa. A rubuta na wa matakala, na wa rufin, wa ke da ikon ɗora gini a sama, da yadda za a raba kuɗin gyara. A sa shaidu, tun ana dariya da juna. Iyaye kan yi haƙuri da juna, amma jikoki takarda za su nema.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai fitowa ta gaba.