NA TAƁA YIN KORONA, KO NA TSIRA KE NAN? GA ABIN DA AWON JINI YA NUNA



'Yan uwa iyayen gida, maza da mata, na Shanono da kewaye, da duk wanda saƙon nan ya isa gare shi, Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.

Darasinmu na yau a kan wata magana ce da ake yawan yi a majalisa: "Ai ni na yi korona tun 2020, jikina ya san ta, ba abin da za ta ƙara yi min." Rabin maganar nan gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa yana iya sa maigida ya yi sakaci da tsohonsa ko tsohuwarsa har a makara.

Bari mu fara da rabin gaskiyar. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa yaron da ya yi ƙyanda ya warke ba ya sake yi. Dalili shi ne, idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, cikin sati ɗaya zuwa uku Allah Yana sa jini ya samar da wasu ƙananan sojoji, waɗanda likitoci ke kira antibodi. Aikinsu kamar na 'yan sintiri ne da suka taɓa ganin fuskar ɓarawo: ya dawo, su cafke shi tun daga bakin gari. Ƙwayar ƙyanda ba ta iya ɓad da kama. Amma ka lura da mura: bara ka yi, bana ma ka yi. Korona kuwa a nan ta fi kama da mura, don tana sauya kamanni.

Ka ji sunayensu a rediyo. Alfa ta fito a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, duk a ƙarshen 2020. Delta ta fito a Indiya, aka tabbatar da ita a Najeriya a watan Yuli 2021. Omikron kuwa an sanar da ita a Nuwamba 2021, ta zo da sauyi sama da 30 a ƙayar da take maƙalewa da ita a jikin mutum. Wannan ƙayar ita ce fuskar da sojojin jini suka haddace.

To ta yaya ake sanin ko har yanzu suna gane ta? Ba a sanin wannan da jin ƙarfin jiki, sai da awo. Awon kuma iri biyu ne.

Na farko, a ɗibi jini a duba ko akwai sojojin nan. Shi ke nuna cutar ta taɓa ratsa mutum ko da bai sani ba. Hukumar NCDC da abokan aikinta sun bi gida-gida sun yi wannan. A ƙarshen 2020 an samu kimanin kashi 23 cikin 100 a Legas, kashi 9 a Gombe. A watan Yuni 2021 aka zo Jihar Kano, aka tarar kimanin mutum 4 cikin kowane 10 suna ɗauke da alamar, alhali waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a duk jihar 'yan dubbai ne kawai. Duk wanda ya tuna yadda aka yi ta binne dattawa a birnin Kano a watan Afrilu 2020, har aka rufe gari, ba zai yi mamaki ba.

Na biyu shi ne ya fi shafar maganarmu, kuma duk wadda ta taɓa jiƙa magani za ta gane shi. A tace ruwan jinin wanda ya warke, a yi ta sirka shi, sau 20, sau 100, sau 1,000, ana haɗa shi da ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, a ga inda zai daina hana ta kamu. Jiƙon da aka sirka da yawa yana nan da ɗacinsa, shi ne mai ƙarfi. Sannan a kawo sabon nau'i a maimaita.

A farkon 2021 masana a Johannesburg sun gwada jinin mutum 44 da suka warke daga korona ta farko. Da aka haɗa da Beta, na mutum 21 bai iya tare ta ba sam. A Disamba 2021 masana a Durban suka gwada jinin waɗanda aka yi wa rigakafi, suka ga ƙarfinsa a kan Omikron ya ragu fiye da sau 20. Amma waɗanda suka taɓa kamuwa sannan aka yi musu allurar, nasu ya fi riƙe ƙarfi. Ƙari a kan haka, su kansu sojojin suna raguwa bayan wasu watanni.

Wani zai ce, Malam, ashe wahalar banza muka sha? A'a. Jiki yana da wasu masu tsaro a can ciki da ba sa saurin mantuwa, shi ya sa kamu na biyu sau da yawa yake zuwa da sauƙi. Amma "sau da yawa" ba "kullum" ba ne. Ɗan shekara 70, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu, waɗannan ba a yin caca da ransu. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma ba ta ce cutar ta ƙare ba.

Yanzu maganata ga 'yan uwana masu maganin Musulunci. Zuma da habbatus sauda falalarsu ta tabbata, citta da kanumfari suna sauƙaƙa maƙogwaro, muna ba da su kullum. Amma duk wanda ya ɗaga kwalba a kasuwa ya ce haɗinsa yana kare mutum daga kowane nau'in korona, ka tambaye shi: jinin wa aka auna, a ina, da wane nau'i? In ba shi da amsa, ya faɗi abin da ba shi da ilimi a kai, kuma ciniki da irin wannan magana algus ne. Mu da muke wa'azi a kan tauye mudu, bai kamata mu sayar da alkawarin da ba a auna ba.

Kada kuma wani ya ce wannan rashin tawakkali ne. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yana hanyar Sham aka ba shi labarin cutar. Ya tsaya, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a zuwa Madina. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Saboda haka ga nasiha:

1. Tsoho ko mai ciwon suga ya yi zazzaɓi da tari, numfashi ya fara yi masa wuya, a kai shi asibiti a ranar. Kada a ce ai ya taɓa yi.

2. Mai mura ya ɗan nisanci ɗakin tsofaffi da na mai jego har ya warware, musamman da hunturu da ake rufe ƙofa da taga.

3. Mai rauni, da maniyyaci aikin Hajji ko Umara, ya tambayi ma'aikatan lafiya batun rigakafi, ko da ya taɓa kamuwa.

4. Kada ka kashe kuɗin taki wajen yin gwajin antibodi don kanka. Yana nuna cuta ta ratsa ka, ba ya ba ka tabbacin ka tsira daga nau'i na gaba.

5. Idan ma'aikata suka zo ɗibar jini don bincike, haƙƙinka ne su zo ta hannun mai unguwa ko dagaci, su nuna shaida, su yi maka bayani da Hausa, kuma sai ka yarda. In sun cika wannan, ka ba da haɗin kai. Idan ba a auna jinin mutanen karkara ba, da na Legas za a yanke mana hukunci.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan uwa, musamman masu kula da tsofaffi a gida.