Ido Ba Mudu Ba, Ya San Ƙima: Ra'ayi a kan Koyon Nazarin Fasaha ta Intanet

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. Maganar gaskiya ce, sai dai ido ba ya sanin ƙimar abin da ba a koya masa dubawa ba. Mai sayen babbar riga a kasuwar Kurmi, idan bai taɓa zama kusa da maɗinki ba, da wuya ya bambance aikin hannu da na keke sai an nuna masa. Horar da ido irin wannan shi ne manufar wani kwas na share fage da jami'o'i da kwalejoji da dama suke bayarwa, wato kwas ɗin sanin ƙimar fasaha. A cikinsa ake koya wa ɗalibi yadda zai dubi zane ko sassaƙa ko gini ko saƙa, ya bayyana abin da ya gani, sannan ya kawo hujjar da ta sa aikin ya yi armashi ko ya gaza.

A yau ana iya yin wannan kwas ta intanet, daga ɗakin kwanan ɗalibai ko daga zauren gida. Tambayar ita ce, shin ya dace ɗalibin kwalejin ilimi, musamman mai nazarin Hausa, ya ba da lokacinsa da kuɗin datarsa a kansa? Ra'ayin wannan muƙala shi ne ya dace ƙwarai, amma bisa sharaɗi guda: duk abin da ya koya a fuskar waya ko kwamfuta, ya fita ya gwada shi a kan ayyukan fasahar da ke kewaye da shi. Idan babu wannan sharaɗi, abin da zai samu bai wuce haddar sunaye da shekaru ba.

Abin da Kwas ɗin Ya Ƙunsa

Galibin irin wannan kwas yakan fara da tubalan da ake gina kowane aikin fasaha da su, kamar layi da siffa da launi da haske da inuwa da laushi ko kaushin jikin abu, da kuma sararin da aka bari babu komai. Daga nan sai a koma ga yadda mai fasaha ya tsara waɗannan tubala: daidaiton ɓangarori, maimaita siffa, da wurin da ya so ido ya fara sauka. Bayan haka akan bi tarihin fasaha daga zane-zanen kogo har zuwa ayyukan zamani.

Mafi muhimmanci daga ciki shi ne hanyar sharhi. Wani masanin koyar da fasaha na Amurka, Edmund Feldman, ya shahara da tsara matakai huɗu da ake bi. Da farko a bayyana abin da ke jikin aikin ba tare da yabo ko kushe ba. Na biyu a ƙwanƙwance yadda aka tsara shi. Na uku a fassara manufarsa. Sai a ƙarshe a yanke hukunci. Hikimar wannan jeri ita ce tana hana ɗalibi gaggawar cewa abu ya yi kyau ko bai yi ba tun kafin ya dube shi da kyau.

Abin lura a nan shi ne, wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Hausa. Wanda ya saba nazarin rubutacciyar waƙa ta fuskar jigo da warwararsa da zubi da tsari da salon sarrafa harshe, ya riga ya san rabin aikin. Abin da amsa-amo da kari suke yi wa kunne, shi maimaita siffa da launi suke yi wa ido. To amma a darasin al'ada, idan aka zo kan sana'o'in gargajiya kamar saƙa da rini da dukanci da ƙira da gini, sau da yawa abin da ake nema daga ɗalibi shi ne ya jero kayan aiki da sarautun sana'ar. Yakan san sunan allira da ƙoshiya, amma ba a tambaye shi abin da ya sa wannan zane ya fi wancan tsari ba. Wannan giɓi ne kwas ɗin zai iya cikewa.

Abin da Intanet Ta Kawo

Karatu daga nesa ya daɗe a cikin harkar horar da malamai a Nijeriya. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da malamai masu yawa ta hanyar littattafan da ake raba musu suna karantawa a gida. Sai dai darasin fasaha ya fi sauran wahalar koyarwa ta wannan hanya, domin hoton da aka buga baƙi da fari a takarda mai arha ba ya nuna komai daga kyan aikin asali.

A nan ne intanet ta yi rawar gani. A 2011 kamfanin Google ya fara ɗora hotunan ayyukan manyan gidajen tarihi, wasunsu da ingancin da mai kallo zai iya kusanto da hoton har ya ga sawun burushi da tsagewar fenti. A 2012 aka kafa dandamalin Coursera da edX, inda jami'o'i da gidajen tarihi suke ba da kwasa-kwasai ga duk mai buƙata. A 2022 kuma aka buɗe rumbun Digital Benin, wanda ya tattaro bayanai da hotunan kayan tarihin masarautar Binin fiye da 5,000 da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ɗalibin da ke Gumel ko Kwantagora, wanda ba shi da halin zuwa Landan ko Balin, yana iya ganin waɗannan kaya a tafin hannunsa.

Bugu da ƙari, ɗalibi na iya tsayar da darasi ya maimaita shi sau nawa ya so, ya kuma zauna da hoto guda na tsawon rabin sa'a babu mai tura shi gaba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, amma wannan ya wuce ba daɗi. Dama ce da malaman da suka gabata ba su samu ba.

Inda Fuskar Waya Ta Gaza

Duk da haka, akwai abubuwa uku da waya take ɓoyewa. Na farko shi ne girma. Zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci, wanda ke gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, tsayinsa santimita 77 ne, faɗinsa 53, wato bai fi ƙaramar taga ba. Shi kuwa zanen Guernica, wanda Pablo Picasso ya yi a 1937 bayan jiragen yaƙi sun yi ruwan bama-bamai a wani gari mai wannan suna a ƙasar Sifen, faɗinsa ya kusa mita 8, tsayinsa kuma kusan mita 3 da rabi. Wanda ya tsaya gabansa a Madrid, zanen ne yake rufe shi. A waya kuwa, duka biyun ba su wuce tafin hannu ba, kuma ɗalibin da bai lura ba zai ɗauka tsararrakin juna ne.

Na biyu shi ne jikin abu. Hoto ba ya nuna nauyin tukunya, ko ƙyallin turkuɗi idan haske ya sauya, ko tudun zaren da aka yi aska takwas da shi a ƙirjin riga. Na uku shi ne muhalli. Tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ana yawan buga hotonsa a littattafan gine-gine. Amma hoton ba ya ɗauke da sanyin ginin ƙasa, ko yadda bakan gizo ke tashi daga ginshiƙai ya haɗu a sama har mutum ya ɗaga kai ba da niyya ba. Gani ya kori ji, haka ne, to amma ganin hoto ma wani nau'in ji ne, domin wani ne ya zaɓi kusurwar da za a gani da hasken da za a gani da shi.

Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Akwai wata illa da ta fi waɗannan girma. Yawancin kwasa-kwasan an tsara su ne a Amurka da Turai, domin ɗaliban can, kuma misalansu daga can suke. Ɗalibi zai shafe makonni a kan Girka da Italiya da Faransa, sannan a dunƙule masa Afirka baki ɗaya a darasi ɗaya ko biyu. Idan bai yi hattara ba, zai fito da tunanin cewa fasaha ita ce abin da aka rataye a bangon gidan tarihi, shi kuwa dagin da ke jikin soron unguwarsu da zayyanar allon sauka da zanen ƙwarya duk tarkace ne. Malamin da ya shiga aji da wannan tunani zai dasa shi a zukatan yara masu yawa, kuma cire shi sai an sha wuya.

Tarihi ya nuna cewa an taɓa fuskantar irin wannan matsala, aka kuma yi maganinta. A 1958 wasu ɗaliban sashen fasaha na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarun da malaman Turawa suke koyarwa, amma a gina aiki a kan gadon gida. Haka kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta riga ta ƙware a ginin tukwane irin na Gbagyi kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin Abuja na wancan lokaci, wato Suleja ta yau. Ta koyi sababbin dabarun gasa yumɓu, amma siffofin da take zanawa a jikin tukwanenta na gida ne, kuma su ne suka ɗaukaka sunanta a duniya. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: a ɗauki ma'auni daga kwas, a zo a auna kayan gida da shi.

Ƙorafe-ƙorafen da Ake Yi

Wasu za su ce kuɗin data da rashin wutar lantarki sun isa su hana ɗalibi, ga shi kuma darussan da Turanci ake yin su. Wannan ƙorafi ne mai tushe. Sai dai ɗalibai huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sauke darasi ɗaya su kalla tare, kuma muhawarar da za ta biyo baya da Hausa ta fi kallon amfani.

Wasu kuma damuwarsu ita ce hotunan da suka saɓa wa tarbiyya, da kuma batun surar abu mai rai. Gaskiya ne fasahar Turai na ɗauke da hotunan da ba su dace da ajin yara a ƙasar Hausa ba, kuma hukuncin sura magana ce ta malaman addini. Abin da ya kamata a sani shi ne fagen fasaha ya fi sura faɗi nesa ba kusa ba. Gine-gine da rubutun hannu da zayyana da ɗinki duk suna ciki, kuma a nan ne Musulmi suka fi shahara tun ƙarnoni masu yawa.

Ƙorafi na uku shi ne sauƙin ha'inci. Jarrabawar zaɓi-ka-cika ba ta auna ido, kuma a yau manhajar kwamfuta na iya rubuta wa ɗalibi sharhin zanen da bai ko kalla ba. Maganin wannan ma yana cikin sharaɗin da aka ambata tun farko, domin babu manhajar da ta taɓa ganin ƙofar gidan maƙwabcinsa.

Yadda Ya Kamata a Yi

Saboda haka, ya kamata ɗalibi ya tanadi littafin rubutu na musamman. Duk makon da ya koyi wani abu, sai ya nemi misalinsa a gari. Idan an yi darasin layi da maimaitawa, ya je wurin mai ɗinkin hula ya zauna. Idan an yi na launi, ya ziyarci marina, kamar karofin Ƙofar Mata a Kano. Idan an yi na gini, ya dubi zankwaye da shafen wani tsohon soro. Ya bi matakan nan huɗu a rubuce, ya kuma tambayi mai sana'ar sunan kowace siffa da yadda su da kansu suke gane gwani, domin masu sana'a suna da nasu ma'aunin tun kafin zuwan boko. Wanda ya samu hali ya leƙa Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda zai ga kayan yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara 2,000. Su kuma malaman kwaleji, ya dace su karɓi irin wannan littafi a matsayin aikin jinga.

Kammalawa

Manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fara aiki da ita a 2008 ta sanya darasin al'adu da fasaha a makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma a makarantu da yawa malamin Hausa ne ake miƙa wa duk abin da ya shafi al'ada. Ke nan ɗalibin yau zai tsaya gobe gaban yaran da iyayensu maɗinka ne da magina da marina. Idan idonsa ya horu, zai iya ɗaga hular da ke kan ɗayansu ya nuna wa aji inda gwanintar take, yaron kuma ya koma gida yana kallon hannun mahaifinsa da wani ido. Kwas ɗin intanet na iya ba shi kalmomi da hanyar yin wannan, sauran aikin kuwa yana kasuwa da marina da bakin zaure.