Ya Ce Takunkumin Ƙyama Ne

Wasiƙar wannan wata daga Auyo ta fito, daga wata ƙanwarmu Kirista wadda ta roƙe ni kada in faɗi sunanta. Ta ce an sa ranar bikinta bayan girbin shinkafa, sai saurayin ya kama tari har wata biyu, da aka kai shi asibiti a Haɗeja aka ce tibi ne. Ranar da ya zo zance ta fito da takunkumi a hancinta, shi kuwa gogan sai ya miƙe tsam, wai ƙyamarsa take yi, wai ai Yesu da hannunsa ya taɓa kuturu, ita ina bangaskiyarta? Yau kwana tara ko leƙowa bai yi ba.

To ƙanwata, ni Musulma ce, don haka ban yi karambani ba. Na ɗauki wasiƙar na kai wa wata ƙawata 'yar fasto da muka yi sakandare tare. Dariya ta fara yi, sannan ta jawo Littafi Mai Tsarki ta buɗe min Littafin Firistoci sura ta 13. A can, in an ga tabo a fatar mutum, wurin firist ake kai shi ya duba. In abin da shakka a killace shi kwana 7, a sake dubawa, in da bukata a ƙara wasu 7. Na ce kai, ashe kwana 14 ɗin da aka yi ta faɗa mana lokacin korona a 2020 tsohon lissafi ne! In kuwa cutar ta tabbata, sai ya rufe leɓensa na sama, ya koma zama a bayan zango. Ta ce gaskiya malamansu sun fi ɗaukar dokar a kan maganar tsarki, amma dai ga shi a rubuce, ware marar lafiya na ɗan lokaci bai taɓa zama rashin imani ba.

Na ce to batun taɓa kuturun fa? Ta ce gaskiya ne, yana cikin Markus sura ta 1, amma angon naki rabin labarin ya ɗauka ya bar rabi. Bayan Yesu ya taɓa mutumin ya warke, sai ya aike shi ya je ya nuna kansa ga firist, wato shi wancan mai dubawar da ke sallamar mutum ya koma cikin jama'a. Ba a ce ya wuce kasuwa kai tsaye ba. Mu ma haka yake a wajenmu, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma wa zai ce bai san tawakkali ba?

Amma fa kada ki ga na goya miki baya ki ɗauka shi ba shi da hujjar jin ciwo. Namijin da ya rame, abokai suka janye, mahaifiyarsa ta ware masa kofi da kwano, ya zo wurin wadda yake so ya tarar ta rufe fuska, dole zuciyarsa ta sosu. Ware kwanon ma wahalar banza ce, tibi ta iska yake bi in mai shi ya yi tari, ba ta kofi ko gaisawa ba. Kuma takunkumin a bakinsa ya fi amfani fiye da a naki.

Ki aika ƙaninki da abinci da 'yar takarda, ki ce ya zo. Ku bar zaure, ku shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda iskar fadama ke kaɗawa. Maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi, kuma in ya riƙe shi da kyau, bayan 'yan makonni haɗarin ɗauka yana raguwa ƙwarai, likita ne zai faɗa muku lokacin cire takunkumi. Ke ma ki je a duba ki. In ya ƙi shan maganin, wallahi gara a ɗaga bikin.

Ki rubuto min yadda kuka ƙare, kuma kada a manta da ni a rabon katin biki. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.