Zancen Zongo: Hunturu ya kama, a kai yara su ga kadojin Bazule

Hazo ya sauka a Wagadugu, leɓe ya fara tsagewa, masu man kaɗe da masu rigunan sanyi na gwanjo kasuwarsu ta buɗe. Ga 'yan lakwal kuma suna ƙirga kwanakin hutun ƙarshen Disamba. A irin wannan lokaci ne bidiyoyin ƙasashen ƙanƙara suke yawo a wayoyinmu: Turawa sun yi jerin gwano a kan wani abu kamar moto marar taya, suna keta farin daji, can sai ga su sun tsaya suna ba wata barewa mai ƙaho kamar rassan itace abinci a tafin hannu. Yara su kalla su ce, "Baba, mu yaushe za mu je?" Baba ya ce, "Allah Ya kai mu," ya koma kan lissafin ciniki.

To yau bidiyon nan nake so mu buɗe cikinsa, domin akwai abin ɗauka, kuma ɗaukarsa ba ta buƙatar biza.

Yawancin waɗannan hotuna daga Laplan suke, wato can ƙuryar arewacin Turai, yankin da ya ratsa Norwe da Suwidin da Finlan. Garin da ya fi suna a wannan harka shi ne Rovaniemi a Finlan. A tsakiyar Disamba ranarsu ba ta wuce awa 2 da 'yan mintuna a sama, sanyi kuwa yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 20, wani lokaci har 30. Moton ƙanƙarar da kuke gani, gabansa katako biyu ne masu santsi, bayansa bel mai haƙora. Wani ɗan Kanada mai suna Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da ƙaramin samfurinsa a 1959, ya sa masa suna Ski-Doo. Makiyayan arewa suka karɓe shi tun shekarun 1960 don bin garke, kafin daga baya ya zama abin hawan 'yan yawon buɗe ido.

Barewar kuma dabbar kiwo ce, tana da mai ita. A Finlan kaɗai akwai kimanin 200,000. Namiji da mace duk suna da ƙaho, kuma da sanyi sukan tona ƙanƙara da kofato su ci wata irin gansakuka da ke ƙasa. Mutanen Sami, 'yan asalin wannan yanki, sun shekara ɗaruruwa suna kiwonta. Kowane makiyayi da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa don a gane tasa. Kuma a al'adarsu rashin ladabi ne ka tambayi mutum barewa nawa gare shi. Duk wanda ya taɓa tambayar Bafillace yawan shanunsa ya san amsar da zai samu.

Tafiyar yini guda da ake sayar wa baƙi ga yadda take. A ɗauko ka daga masauki da safe. A ba ka rigar sanyi mai haɗe da wando, da takalmi, da safar hannu, da hular kwano. Wanda zai tuƙa sai ya nuna takardar tuƙi, wanda ya sha giya ba ya hawa. Kafin a tayar da inji, jagora zai tsayar da kowa ya koya masa birki da alamun hannu. Shi ne a gaba, sauran suna binsa ɗaya bayan ɗaya, ba mai wuce wani. Ƙananan yara ba a ba su moto. Akan sa su a wata amalanke marar taya, a lulluɓe su da bargo, jagora ya ja su a bayansa. In an isa rugar makiyayi sai a kashe inji, shi mai dabbobin ya karɓi baƙi, ya faɗa musu inda za su tsaya da abin da ba a yi, su ciyar da barewa, su sha abu mai zafi a bakin wuta, a juyo. Kuɗin mutum ɗaya sau da yawa yana haura yuro 150, kusan jika 100 ke nan na sefa, ban da jirgi da otal.

Ku duba da kyau, me baƙon ya saya da kuɗinsa? Ƙanƙara kyauta ce, tana nan zube. Abin da ya biya shi ne tsari: mutumin da ya san daji yana gaba, inji an yi masa linzami, mai dabba an ba shi girmansa da haƙƙinsa. Wannan tsarin shi nake so mu ɗauko mu kawo gida, domin sauran kayan duk muna da su. Lokacin sanyi muna da shi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Afrilu mai haura digiri 40. Moto kuwa, Wagadugu ai garinsa ne. Dabbobin da ake zuwa gani daga nesa ma suna nan a bayan gidanmu.

Bazule ƙauye ne a ƙaramar hukumar Tangin-Dasuri, kimanin kilomita 30 yamma da birni, a kan hanyar Bobo. Mu da ke Zongo, ɓangarenmu ne ma, ba sai mun ratsa cunkoson tsakiyar gari ba. A tafkin ƙauyen akwai kadoji fiye da 100, suna zaune da mutane tun kaka da kakanni. Mosawan wurin suna ba da labarin cewa a wani fari mai tsanani kadoji ne suka nuna wa kakanninsu inda ruwa yake, shi ya sa ba sa kashe su, ba sa cin namansu, in ɗaya ya mutu sukan binne shi kamar mutum. Duk shekara suna yin bikin da suke kira Koom Lakre saboda su. Matasan ƙauyen su ne jagorori. Su ke kiran kada ya fito tudu, yawanci da kaza a bakin sanda, su ke sanin wanne ne tsoho mai haƙuri, wanne ne ba a matsawa kusa da shi. Da hunturu ruwa ya fara ja baya, kadoji kuma suna son fitowa shan hantsi, don haka gani ya fi sauƙi.

Mutane suna tasowa daga Faransa su zo kallon wannan tafki. Amma a cikinmu akwai wanda ya shekara 20 yana bin hanyar Bobo da kaya, bai taɓa karkata ya leƙa ba. 'Ya'yansa an haife su a nan, suna jin Moore da Faransanci fiye da shi, amma iyakar sanin ƙasarsu daga gida sai lakwal, sai makarantar allo, sai rumfar Baba. Kakanninmu fataken goro da suka bi ta ƙasar Mosi zuwa Gwanja ba haka suka yi ba. Sun san kowane zango, kowace rijiya, da sarkin da ake gaisarwa kafin a sauke kaya. Da wannan sanin suka kafa Zangwetin a tsakiyar birnin nan, unguwar da aikin ZACA ya tashe ta a 2003 iyalai suka watsu. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji su. Yaron da ya san ƙasar da yake zaune, da mutanenta da al'adunsu, shi zai iya ciniki da su gobe ba tare da raini ko tsoro ba.

Yanzu ga inda nake so iyaye su buɗe kunne. A wannan fita, abin tsoro na farko ba ya cikin ruwa, yana kan kwalta. Hanyar Bobo babbar hanya ce, manyan motocin kaya da na fasinja suna gudu a kai dare da rana, ga hazo yana rage gani da safe. Mu kuma mun saba: maigida a gaba, yaro ɗaya a kan tanki, uwargida a baya da goyo, wani kuma an matse shi a tsakiya, ba mai kaske ko ɗaya. A cikin unguwa ma kasada ce, balle kilomita 30 a tsakanin tireloli. Dokar sa kaske ta daɗe a ƙasar nan, tun 1978, hukumar ONASER kuma kullum tana tunatarwa. Baturen da ke tafiya a kan ƙanƙara mai laushi, ba mota ko ɗaya a kusa da shi, an hana shi hawa sai da hular kwano. Mu da za mu faɗi a kan kwalta fa?

Shawarata, gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota guda don mata da yara. Mata da ke adashi sun fi kowa iya wannan lissafi. Samarin da suka nace sai da moto, to mutum biyu a kan kowanne, kowa da kaske a ɗaure, a duba birki da taya da fitila tun jajibiri. A sa babba mai hankali a gaba, wani a baya, ba tsere, ba ɗaukar bidiyo ana tuƙi. A tashi bayan gari ya waye sosai, a kama hanyar gida da la'asar, kada magariba ta same ku a kan titi. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, baƙi su riƙe takardunsu, domin akwai shingayen bincike. Kuma halin da ƙasa ke ciki ba ɓoyayye ba ne: kafin ranar, a tambayi direbobin tasha da mutanen wurin yadda hanya take. In suka ce a dakata, a dakata.

Idan an isa, sai da ɗan gari akan ci gari. Ku nemi jagoran wurin, ku biya abin da aka yanka na shiga da na jagora, kada Alhaji ya fara halin kasuwa yana "rage mini, rage mini" a kan kuɗin da bai kai na shayin mako ba. Tun harin da aka kai otal ɗin Splendid da gidan cin abinci na Cappuccino a Janairun 2016, baƙin Turai suka ragu ƙwarai a ƙasar nan, matasan da ke ci daga wannan aiki su suka fi jin jiki. Kuɗinku shi zai sa su ci gaba da tsaron tafkin. Inda jagora ya ce a tsaya, nan za a tsaya. Hannun ƙaramin yaro ya kasance a cikin na babba tun saukowa daga mota har komawa. Ba jifa, ba tsokana da sanda, ba wanke ƙafa a bakin ruwa. Za ku ga ana zama a bayan wani tsohon kada ana ɗaukar hoto. Wannan ra'ayin babba ne, amma ni ban ga dalilin ɗora yaro ba. Kada dai kada ne, ko ya shekara nawa da mutane.

Na san wasu iyaye za su ce, wurin da ake girmama kada har ana yi masa biki, ina ruwan Musulmi da shi? Tambaya ce mai kyau. Kallon halittar Allah za ku je yi, ba wanda zai tilasta muku shiga al'adar masu wuri. Kuna iya cewa ba kwa son a jefa kaza mai rai saboda ku, kuna iya zaɓar ranar da ba ta biki ba. Abin da ya rage a kanku shi ne ladabin baƙo: kada yaro ya ji Baba yana zagin abin da masu masauki suke girmamawa a gabansu. A mota, a hanyar dawowa, sai a yi wa yara bayanin abin da muka yarda da shi da wanda ba mu yarda da shi ba. Darasin da aka yi bayan gani ya fi zama a kai.

Uwargida, guzuri a hannunki yake: ruwan sha mai yawa, dambu ko dafa-duka a kula, buta da tabarmar salla, rigar sanyi don safiya, man shafawa, da takunkumi ko rawani saboda ƙura, musamman ga yaro mai asma. A kwaso ledoji da robobi a dawo da su gida, kada a bar su a bakin tafki.

Wanda Bazule ta yi wa nisa, ko zuciyarsa ba ta kwanta da kada ba, dajin Bangr-Weogo yana nan a cikin birni, sunansa ma da Moore yana nufin dajin ilimi, akwai inuwa da tsuntsaye da dabbobi. Akwai kuma Lawongo kusa da Ziniyare, inda masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa suna sassaƙa duwatsu tun 1989. Gandun Nazinga mai giwaye, can wajen Po, shi kam ba tafiyar yini guda da yara ba ce, a bar shi sai hanya ta yi daɗi.

Na san ciwon rufe shago. Yini guda ba ciniki, ga kuɗin mota, ga na abinci. Amma Alhaji, kana rufewa don ɗaurin auren ɗan abokin ciniki a wani gari, ba ka ce ka yi asara ba. Yaran nan shekarun da za su roƙe ka ka kai su wani wuri kaɗan ne. Nan gaba kaɗan su da abokansu za su tafi, a kan moto, ba kaske, ba tare da sun tambaye ka ba. Gara su koyi yadda ake fita daga wurinka. Ku zauna da maƙwabta a wannan mako ku tsayar da rana kafin hutu ya ƙare. Allah Ya tsare hanya, Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.